Hannun hagu ke ciwo, amma an ce zuciya ce

Maman Safiya, Garwa:
Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Babanmu ya haura shekara 60, yana da ciwon suga. In ya taka zuwa masallaci da sauri sai hannun hagu ya riƙe shi har muƙamuƙi, ga gumi. Da ya zauna sai ya lafa. Mun shafa man zafi, wanzami ya yi ƙaho, shiru. Ƙanina ya ce zuciya ce, Baba kuwa ya ce ƙirjinsa lafiya lau. Yaya za a yi zuciya ta yi ciwo a hannu?

Baban Khalil, Kuseri:
Sanyi ne kawai, Hajiya. A dafa masa citta.

Malama Nas, Marwa:
Baban Khalil, ka yi haƙuri, sanyi ba ya jiran mutum ya yi tafiya kafin ya taso. Hajiya, ƙaninki ya yi gaskiya. Jijiyoyin da ke ɗauko saƙon ciwo daga zuciya suna shiga laka ta saman baya, daidai inda na fatar ƙirji da cikin hannu ke shiga. Kamar fasinjoji biyu ne a mota ɗaya: in sun isa ƙwaƙwalwa ba ta tantance wanda ya fito daga ina. Ta saba da saƙon fata, gaɓoɓin ciki kuwa jijiyoyinsu kaɗan ne, shi ya sa take ɗora ciwon a hannu. Haka ciwon matsarmama ke bayyana a kafaɗar dama, na afendis kuma ya fara a cibiya kafin ya sauka ƙasan ciki ta dama. Ciwon da tafiya ke tayarwa, hutu ya kwantar, alama ce jini ba ya isar tsokar zuciya. Suga kuma tana lalata jijiyoyi, mai ita kan iya samun bugun zuciya ƙirji bai yi ciwo ba.

Goggo Hauwa, Ngawundare:
Kar ku tsaya rarrashin tsoho, 'yata. Ku ce masa awon suga za a je.

Malama Nas:
Gobe da safe ku kai shi babban asibiti, a yi masa ECG, wato awon aikin zuciya da na'ura, da gwajin jini. In ciwon ya zo yana zaune, ko ya wuce minti 15 bai sake shi ba, ko da tsakar dare ne ku ɗauki mota, kar ku bari ya taka da ƙafa.

Maman Safiya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na kira yayanmu ya zo da mota.