Neman shawara: gindin jirgina na lumewa, ina son mai da batura gaba

Mai tambaya, daga Yawuri:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da jirgin faiba ƙafa 19 da injin Yamaha 40 mai makulli, ina jigilar kifi da kaya tsakanin Yawuri da ƙauyukan tsallake. Nauyin duk a baya ya taru: inji, jarkokin fetur biyu, ƙaramin batir mai 70Ah (awon yawan cajin da yake riƙewa) na tayar da inji, babban batir mai 150 da sola ke caza shi don fitilu da famfon kwashe ruwa, ga ni kuma zaune. In na ba shi wuta sai goshi ya ɗaga har ba na ganin gabana, ya daɗe bai kwanta ba, yana ta shan mai. In na sassauta da sauri kuwa, ruwan da ke biye da ni sai ya tsallako ta wajen inji. Niyyata in kai baturan biyu can goshi. Mai rewayan unguwarmu ya ce wayar jampa ta mota ta isa. Don Allah a ba ni shawara.

Tsohon matuƙi, daga Wara:
Wa alaikumus salam yaro. Goshi dai a'a. Nan ne igiyar ruwa ke dukan jirgi, kuma batir mai ruwa ba ya jure wannan bugun, farantan cikinsa za su zube. Sannan in goshi ya yi nauyi, maimakon ya hau igiya sai ya soke ta, jirgi ya riƙa fizgar kansa gefe. Da la'asar in iska ta taso a tafkin Kainji, wannan ya fi abin da kake kuka da shi hatsari.

Kafin ka yanke waya ko ɗaya, sauke babban batirin ka bar shi a tudu. Cika jarka biyu masu lita 25 da ruwa, kilo 50 ke nan, kusan nauyinsa. Ajiye su a ƙasan bencin tsakiya ka zaga, ka dawo ka matsar da su gaba kaɗan ka sake zagawa. Ka gwada babu kaya, ka gwada da lodin da ka saba ɗauka. Inda jirgin ya kwanta da wuri, sitiyari bai yi maka gardama ba, sa alama da fenti. Can ne gidan batirinka, a ƙasa sosai, daidai kan ƙashin bayan jirgi don kada ya karkata.

Mai gyaran injin ruwa, daga New Bussa:
Baba ya gama magana. Ƙari ɗaya: duba ƙarfen nan da ke shiga ramukan maƙalin inji. In yana ramin waje, shi kansa yana ɗaga goshi. Dawo da shi ramin da ya fi kusa da jikin jirgi. Ka kuma buɗe toshin ƙasa a tudu, faiba mai rufi biyu kan tara ruwa a ciki, kuma baya yake gangarawa.

Mai aikin wutar sola, daga Birnin Kebbi:
Malam, ni a ganina ƙaramin batirin ka bar shi inda yake. Nauyinsa bai fi kilo 20 ba, amma shi ne mai tsadar matsarwa. Kik, wato abin da ke juya inji ya tashi, na zuƙar sama da amp 100 lokacin tashi. Ka ɗauka ka matsar da shi mita 3, wayar zuwa da ta dawowa mita 6 ke nan. A kan amp 120, wayar jan ƙarfe mai kaurin 10 (awon milimita sukwaya) za ta cinye maka fiye da bolt ɗaya cikin 12 ɗin nan, mai kaurin 25 kuwa rabin bolt. Wannan bambancin ne ke sa ka murɗa makulli ka ji ƙas-ƙas, inji ya ƙi juyawa, alhali batir a cike yake. Wayar jampa ta kasuwa kuma yawancinta roba ce mai kauri, cikin siriri. Wata ma alminiyon ce aka shafa wa jan ƙarfe. Kankare silin ɗaya da wuƙa, in ka ga fari a ciki, ajiye musu kayansu.

Babban shi ne abin matsarwa. Ya kai kilo 45, kuma fitilu da famfo ba su wuce amp 10 ba, waya mai kaurin 4 ta wadatar. Sai dai ka kiyaye waɗannan, don a ruwa babu inda za ka gudu in wuta ta tashi. Fis ya zauna kusa da kan batir na ja, kada ya wuce taƙi ɗaya, domin shi ke tsare dukan tsawon wayar. Famfo ya samu nasa fis ɗin daban, kai tsaye daga batir, yadda ko ka kashe babban makunni zai yi aiki. Waya ta bi cikin bututun roba ta gefen jirgi daga sama, ba ta ƙasa inda ruwa da ƙafafun mutane suke ba. Kada a yi haɗin murɗe-da-salatif a tsakiya, a matse kawunan da kyau a shafa musu giris. In ka samu waya mai shafen kuza ta fi, ba ta saurin yin kore.

Mai kamun kifi, daga Baga:
Ni da fetur zan fara. Jarka mai lita 25 kilo 18 ce da ɗoriya, kuma tana tafiya gaba ba tare da ka sayi waya ba. Wadda ba ka sha daga cikinta, kai ta gaba kawai.

Mai aikin wutar sola:
Haka ne ɗan'uwa, amma kada ta kwana benci ɗaya da batir. Batir mai ruwa na fitar da iska mai kamawa da wuta in yana caji, ga tururin fetur, tartsatsi ɗaya ya isa. Akwatin batirin ma a huda masa ramukan shan iska daga sama, a ɗaure shi da ɗamara a jikin katakon da aka kafe, yadda ko jirgi ya karkata ba zai motsa ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, zan yi gwajin jarkokin kafin komai. Tambaya ta ƙarshe ga mai sola: in na zo sauke babban, wane kai zan fara cirewa? Kuma farantin solar fa?

Mai aikin wutar sola:
Fara zare wayar farantin daga kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin sola, sannan ka cire baƙin kan batir, ja ya biyo baya. Wajen mayarwa ja ne farko, sai baƙi, faranti a ƙarshe. Ka naɗe sifanarka da salatif kada ta haɗa kawunan biyu. Ƙaramin kuwa kada ka taɓa cire kansa inji na aiki, abin cajin injin na iya ƙonewa.