Ta ina zan fara koya wa 'yan SS2 fasahar bulokcen?

Malamin Kwamfuta, Gwale:
Assalamu alaikum. Ina koyar da kwamfuta a wata sakandaren maza a nan Gwale. Tun da guguwar Hamster Kombat, wasan nan na dangwalar waya don neman kirifto (kuɗin intanet), ta kaɗa a 2024, da wuya in shiga aji in fito ba a ce min "Malam, yaushe za ta fashe?" ba. Yanzu shugaban makaranta ya ware min awa ɗaya duk Laraba in yi wa 'yan SS2 bayanin bulokcen (fasahar ajiye bayanai a kundi ɗaya da kwamfutoci da yawa ke riƙe da kwafinsa), wai tunda gwamnatin tarayya ma ta amince da manufar ƙasa a kan fasahar a watan Mayun 2023, kada a bar yaranmu a baya. To kwamfutocinmu ba su taka kara sun karya ba, wuta kuma sai ta ga dama. Ga shi da na ambaci Bitcoin, kirifton da aka gina a kan fasahar, shi ke nan, hankalinsu ya koma kan kuɗi. Masana, a ba ni shawara.

Injiniya, Ɗorayi:
Wa alaikumus salam Malam. Ka ajiye sunan Bitcoin sai mako na uku. Darasin farko ba ya buƙatar wuta, littafin rubutu da biro sun isa. Fara da adashi, kowane yaro ya san shi a gidansu. Uwar adashi ce kaɗai ke riƙe da littafi, in ta goge wani abu ko littafin ya ɓata, sai rantse-rantse. Ka tambaye su: in kowa a cikin masu zubi yana da nasa kwafin, kuma ba a rubuta komai sai mafi yawa sun yarda, wa zai iya cuta?

Daga nan ka raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da littafinsa, duk suna rubuta zubi iri ɗaya. Kowane shafi a rufe shi da hatimi na lamba: a haɗa kuɗin da ke shafin da hatimin shafin baya, a ninka sau 7, a ɗauki lambobi ukun ƙarshe. Misali shafin farko an zuba 200 da 150, jimla 350, sau 7 ya ba da 2450, hatimi 450. Shafi na biyu an zuba 400, a haɗa da 450, sau 7 ya zama 5950, hatimi 950. Sai ka ja wani yaro gefe ka sa ya mayar da 200 ɗin nan 250 a littafin rukuninsu. Hatimin farko zai koma 800, na biyu ma ya rushe, sauran littattafan kuma su ƙaryata shi. Ranar za ka ji ihu a ajin.

Za a samu mai kaifin ƙwaƙwalwa da zai gano cewa in ya rage wa wannan 50 ya ƙara wa wancan 50, hatimin ba zai motsa ba. Ka yaba masa, don ya buɗe maka ƙofa. A nan za ka gaya musu Bitcoin na amfani da lissafin SHA-256, wanda ko ɗigo aka canza, hatimin mai alamomi 64 yake sauyawa gaba ɗaya. Tarihin kuwa gajere ne: wani da ya kira kansa Satoshi Nakamoto ya fitar da takardar da ta bayyana tsarin Bitcoin a 2008, aka fara aiki a Janairun 2009, ana rufe shafi ɗaya kusan duk minti 10.

Maman Yara, Hotoro:
Malam, Allah ya saka da alheri, amma ni gabana faɗuwa yake. Ɗana ya kwana yana dangwalar waya wata da watanni, abin da ya fito ko kuɗin datar bai mayar ba. Mun ga damfarar MMM a 2016, mun ga ta CBEX a Afrilun 2025, har da matan unguwarmu da suka sayar da 'yan kunnensu. Don girman Allah in za ka koya musu, ka haɗa da cewa duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata ɗaya ɓarawo ne, ko da wace fasaha ya fake.

Mai Gyaran Waya, Farm Centre:
Hajiya ta yi gaskiya, sai dai hana su sani ba zai hana su shiga ba, a waya suke kwana. Abin da nake gani a shago shi ne mutum ya zo waya ta mutu, asusunsa na kirifto na ciki, ka tambaye shi kalmomin sirri 12 da aka ba shi ranar buɗewa ya ce bai rubuta ba. Ko ya ɗauki hotonsu ya tura wa aboki. Babu bankin da za ka kai wa kuka. Malam ka ba wannan darasi guda cur. Ka kuma gaya musu CBN, wato Babban Bankin Najeriya, ta hana bankuna hulɗa da kirifto a Fabrairun 2021, ta janye a Disambar 2023, don wasu har yanzu suna zaton laifi ne ko ambatonsa.

Malamin Kwamfuta, Gwale:
Na gode ƙwarai. Hajiya, in sha Allah ba za a buɗe wa kowa asusu a ajina ba. Maganar halacci kuma, tunda malamai sun saɓa a kanta, zan bar wa malamin addininmu. Injiniya, yaran sun haura sittin, rukuni nawa ya dace?

Injiniya, Ɗorayi:
Yi bakwai ko tara, kada adadin ya rabu biyu daidai, don in an zo ƙuri'a a samu rinjaye. Wata Larabar kuma ka haɗa baki da rukuni biyar cikin tara su yi ƙarya iri ɗaya, ka bar sauran su yi ta gardamar wane littafi ne na gaskiya.