Na'urar busar da hannu a banɗakin jama'a: me kuka gani?

Mai kula da ginin ofisoshi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Muna gyaran banɗakunan gininmu, masu ginin kuma sun gaji da sayen tishu da kwandon shara da ke cika kafin rana ta raba. An ce in zaɓo na'urar busar da hannu. Don Allah wanda ya taɓa sakawa ya faɗa min abin da idonsa ya gani, na jikin kwali na riga na karanta.

Mai gidan abinci:
Wa alaikumus salam. Mu da tsohuwar samfurin nan muka fara, mai hura iska mai ɗumi. Sai an tsaya daƙiƙa 30 zuwa 40 kafin hannu ya bushe, to wa ke da wannan haƙurin? Mutum zai miƙa hannu, ya ɗan jujjuya, ya goge a wando ya yi gaba. Muka koma mai ƙarfin iska, wadda ke kankare ruwan daga fata, daƙiƙa 10 zuwa 15 an gama. Amma fa ƙara! Teburin da ke jingine da bangon banɗaki yanzu ba mai son zama a kansa, yara ƙanana kuwa da ta tashi sai kuka.

Mai aikin wayarin:
Malam, kafin ka sayi komai kira mai wuta ya duba layin. Masu ɗumama iska kan ci wat 2,000 ko fiye saboda hitar da ke cikinsu. Ka haɗa biyu a layi ɗaya da fitilu, kullum wuta na yankewa. Kowacce a ja mata layinta. Masu ƙarfin iska, irin da Mitsubishi ta fara fitarwa a Japan a 1993, Dyson ta biyo da tata a 2006, ko da sun ja wuta ba sa daɗewa a kunne, nan ne sauƙin yake. Ka tambayi irin injin da ke juya fankar ciki: mai burushin kabon, burushin yana cinyewa, a wurin da ake cunkoso sai ka yi ta canji. Sannan kada a kafa ta saman teburin ƙarfe mai ƙyalli. Na je wani gini na tarar da na'ura tana ta kunna kanta ba kowa, ashe idonta ne ke ganin hasken da ke dawowa daga ƙarfen da ke ƙasanta.

Shugabar masu share-share:
Ku maza ba wanda ya tambayi ina ruwan ke zuwa. Wadda ke hurawa ƙasa, bango ne ke shan ruwan, fenti ya kumbura, tayil ya yi santsi. Irin da ake zura hannu ciki kuma, wasu na da ɗan mazubi a ƙasa. In aka kwana biyu ba a zubar ba, wari ne zai gaya maka. Tamu sai da muka sa aka manna faranti a bango, aka kuma matso da ita kusa da famfo, don a daina ɗigar da ruwa a hanya.

Ma'aikaciyar jinya:
Gaskiyarki Hajiya. Mu a ɗakunan majinyata tishu muke amfani da shi. Wani nazari a mujallar Mayo Clinic Proceedings a 2012 ya fifita tishu wajen tsafta, musamman a asibiti. A 2018 kuma masu bincike a Jami'ar Connecticut ta Amurka sun gano masu iska mai ɗumi na watsa ƙwayoyin cutar da ke yawo a iskar banɗaki kan hannu, matatar HEPA (mai tace ƙananan ƙwayoyi daga iska) ta rage su sosai amma ba ta kawar da su duka ba. Sai dai a lura, wasu binciken masu tishu ne ke biya, wasu kuma masu na'ura. A ofis dai ba zan tayar da hankali ba.

Mai kula da ginin ofisoshi:
Na gode ƙwarai. Zan nemi mai matatar HEPA wadda ake iya rage mata ƙarfi, don banɗakin hawa na biyu bango ɗaya ne da ɗakin taro. Can zan bar tishu ma.

Shugabar masu share-share:
To ka rubuta wanda zai riƙa canza matatar, in ba haka ba kanmu za ta faɗo. Kuma ɗaya a sauko da ita ƙasa saboda masu keken guragu da yara.