Tabarau ya ƙi yi wa ɗanmu daidai, likita ya ce sai an ɗauki hoton ido

Daga Birnin Kebbi: Assalamu alaikum. Ɗan yayata ne, shekararsa 16. Duk tabarau ɗin da aka yanka masa ba ya jimawa sai ya ce allo ya sake dushewa, da dare kuma fitilar mota tana rabe masa biyu. Likita yana zargin keratokonus, wai tantanin da ke rufe baƙin ido ne ke sirancewa yana yin tsini, kuma sai an ɗauki hotonsa da na'ura. Don Allah wanda ya san abin ya ba mu labari, hankalin uwarsa ya tashi.

Malamin makaranta, Jega: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar mata da hankali, ni an yi mini. Ba allura, ba abin da ke taɓa ido. Haɓa zai ɗora a kan na'urar, ya kafe goshi, ya zuba wa wasu zobba masu haske ido, ɗaya cikin ɗaya kamar saƙar faifai. Na'urar tana karanta yadda zobban suka faɗa a kan tantanin: in lafiyayye ne suna nan a zagaye, inda ya yi tsini kuwa sai su matse su karkace. Takarda mai launi aka miƙo mini, ga wani jan tabo ƙasa da tsakiyar idon dama. Likita ya ɗora biro a kai ya ce nan ne wurin ya taso.

Wata uwa, Argungu: 'Yata ma tana da ciwon. Abin da likita ya fara tambayata shi ne, tana yawan murza ido? Wallahi tun tana firamare, da hunturu ya kama ƙura ta tashi, da bayan hannu take dirzar idon har ya kaɗa ya yi ja. Ashe murzar nan tana ƙara lalata tantanin. Abin da har yau yake ci mini rai, wani shagon tabarau ya yi ta canja mata gilashi yana karɓar kuɗinmu, bai taɓa cewa mu je a duba ba.

Ma'aikaciyar jinya, Yauri: Sannu Anti, Allah ya ba ta lafiya. Ku lura da lambar kaurin tantanin a jikin takardar, in na'urar ta auna shi. Lafiyayyen tantani yakan kai wajen maikuron 540 (wato ɗan fiye da rabin milimita). Akwai aikin da ake yi da ɗigon bitamin B2 da hasken UV don ƙarfafa shi, amma a yadda aka saba yinsa ana son kaurin ya kai 400. Aikin ba ya dawo da ganin da ya tafi, tsayar da ciwon yake yi, kuma a yara ya fi saurin ci gaba. Ku adana takardar da kyau, domin da ita za a gwada hoton gaba a ga ko tsinin ya ƙaru. A duba ƙannensa ma, yakan bi gida. Maganin ƙaiƙayin ido kuma kada a saya a kemis kai tsaye, masu sitiroyid suna iya tayar da hawan ido.

Wani ɗan'uwa, Zuru: Ni sai da idon hagu ya yi tabo aka gano. Yanzu ƙaramin gilashi mai tauri nake liƙawa a kan na dama, da shi nake karatu. Na hagun an ce sai dashen tantani.

Daga Birnin Kebbi: Allah ya saka da alheri, na karanta wa yayata duka. Malam na Jega, ranar hoton ana ɗiga maganin nan mai buɗe ƙwayar ido, ko zai iya komawa makaranta a ranar?