Mako guda a masaukin Orlando kan dala 1 a gwanjon intanet, in shiga ko in bari?

Ɗan Kwari:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah shawara nake nema kuma da ɗan gaggawa don gwanjon ranar Juma'a zai rufe. Akwai wannan abin da ake kira taimshiya, wato ka sayi mako guda a wani masaukin shaƙatawa a ƙasar waje, duk shekara wannan makon naka ne kai da iyalinka. Toh na ci karo da wani a eBay, a Orlando ta jihar Florida kusa da Disney, ɗaki biyu da falo da kicin, an fara gwanjon daga dala 1 kuma har yanzu babu wanda ya taya, mai sayarwan ma ya rubuta shi zai biya kuɗin canza takardu. A ƙasa da ƙananan rubutu na ga an sa kuɗin kula da gini dala 1,100 a shekara. Ni lissafina shine ko ban je ba zan iya ba da hayar makon in ci riba da dala, in kuma Allah Ya hore in kai yara hutu. Shekaruna da yawa a kasuwa na san kaya na faɗuwa amma ban taɓa ganin gida a kan kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba, shi yasa zuciyata ta kasa kwanciya. Wanda ya san harkar nan ya taimaka.

Abban Ilham, Fagge:

Wa'alaikumussalam Alhaji. Ni a kasuwar canji ta Wapa nake, bansan harkar masaukin ba amma na san dala, toh bari in faɗa maka ɓangaren da na sani. Wancan ƙaramin rubutun da ka gani shine ainihin farashin. Dala 1,100 ɗin nan ba sau ɗaya ba ce, duk shekara ce, ka je ko baka je ba, kuma kai naira kake samu a Kwari. A farkon 2023 kafin a saki naira a watan Yuni, farashin gwamnati wajen naira 460 ne, kaga kuɗin zai kama naira dubu 506. A 2024 dala ta haura 1,500, wannan kuɗin dai ya koma miliyan 1 da dubu 650 ba tare da sun ƙara maka ko sisi ba. Mun ga iyayen da yaransu ke karatu a waje yadda suka riƙa zuwa nan ido ja a wannan shekarar. Su aƙalla karatu yana ƙarewa, wannan kuwa yaushe zai ƙare? Ka tambayi wannan tukuna.

Yaya Babba:

Alhaji Allah Ya saka da ka tambaya kafin ka danna. Na zauna a Amurka kuma ina da ƴan'uwa a can har yanzu, harkar nan na ganta kusa da kusa, zan ɗan yi tsawo ka yi haƙuri.

Da farko ka tambayi kanka me zai sa mutumin da ya sayi abu a hannun kamfani da dubban daloli, wasu har dala dubu ashirin ko fiye, ya dawo yana bayar da shi a dala 1 har yana roƙonka da cewa shi zai biya kuɗin takardu. Gudu yake. Yawancin na Florida da takardar mallaka ake sayar da su, sunanka ake rubutawa a rajistar ƙasa ta yankin, kuma babu ranar ƙarewa, muddin sunanka na kan takardar kai ne mai biyan kuɗin shekara har sai ka samu wani ya karɓa. Tsofaffi da yawa a can da suka saya a shekarun 1980 da 1990 yanzu ƙarfin tafiya ya ƙare, kuɗin shekara kullum hawa yake, masaukin kuma sau da yawa ba ya yarda ya karɓi abinsa. Sai wasu kamfanoni suka fito suna ce musu ku biya mu mu raba ku da shi, tsoho ya biya dubbai, su kuma su zo gwanjon intanet su sa a dala 1 suna jiran wanda zai ɗauka. Sun riga sun ci ribarsu a wajen tsohon, kai kawai sunanka suke buƙata. Kamar a ba ka doki kyauta ne a cikin birnin Kano, karɓa ba wuya, amma dawa da harawa da mai kula da shi kullum a wuyanka suke ko ka hau da Sallah ko baka hau ba.

Sannan dala 1,100 ɗin ma ba ita kaɗai ba ce. Akwai kuɗin da suke yankawa masu makonni na musamman idan babban gyara ya taso, rufin gini ko lifta ko wurin ninƙaya, ko guguwa ta yi ɓarna. Florida kuwa ƙasar guguwa ce, lokacinta daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba ne duk shekara, guguwar Ian ta Satumban 2022 har yankin Orlando ta cika da ambaliya. Irin wannan kuɗin ba a shawara da kai, takarda kawai za ka gani. Wani lokacin ma dalilin da yasa makonnin wani masauki ke cika gwanjo a lokaci guda kenan, masu su sun ji ƙishin-ƙishin za a yanka babban kuɗi sai kowa ya nemi tsira.

Ga kuma tsohon bashi. In mai shi ya yi shekara biyu ko uku bai biya ba, bashin yana bin makon ne, masaukin zai iya hana ka shiga sai an biya. Shi yasa masu saye da hankali ba sa sakin kuɗi sai an kawo takarda daga ofishin masaukin kansa wadda ta nuna sunan mai shi na gaskiya, wane mako ne, wane ɗaki, nawa ake bin sa, kuma kuɗin ana ajiye shi ne a hannun kamfani mai lasisi da ke riƙe amana har a gama canza suna. Masu gwanjon dala 1 sau da yawa su suke zaɓo maka kamfanin rufe cinikin, wani lokacin nasu ne. Ni na san wani bawan Allah ɗan Arewa a can da ya saya a irin wannan gwanjon, tallar ta ce duk shekara, da takardu suka iso ashe shekara ɗaya bayan ɗaya ne, makon kuma a Satumba lokacin da yara sun koma makaranta kuma guguwa na kan ganiyarta, mai sayarwan ya daina amsa saƙo. Kuma ka sani tsarin mayar da kuɗi na eBay bai shafi filaye da gidaje ba, kariyar PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, ma haka, wato garkuwar da kake samu in ka sayi waya ko takalmi babu ita a nan.

Maganar haya kuma Alhaji, nan ne lissafin ke rushewa gaba ɗaya. Orlando cike take da otal da gidajen haya da dubban masu irin makonka duk suna neman ɗan haya, da yawansu suna bayarwa ƙasa da kuɗin shekarar da suka biya don kawai su rage asara. In da hayar makon nan na kawo riba wallahi da ba zai kai gwanjo ba, mai shi zai riƙe kayansa. Musanya makon da wani gari kuma ta kamfanonin musanya irin su RCI ko Interval International ake yi, sai ka biya kuɗin zama mamba sannan ka biya kuɗin musanya, mako maras farin jini kuma abin da zai samo maka maras farin jini ne.

Maman Hanif:

Ni dai tambayata ɗaya Alhaji, kana da biza? Don mallakar mako a masauki ba ta ba mutum biza, sai ka je Abuja ko Legas ka biya dala 185 kowane mutum ɗaya ka tsaya intabiyu, su ba ka ko su hana, kuma a Yulin 2025 an mayar da yawancin bizar ziyara ta ƴan Najeriya shiga ɗaya ta wata uku. Ka haɗa da tikitin jirgi daga Kano na kai da Hajiya da yara. In an hana ku a shekarar kuɗin masaukin bai san wannan ba. Araha bata ado wlh.

Injiniya 044:

Yaya Babba na yarda da kusan duk abin da ka faɗa amma a yi adalci, ba duk na hannu ne matsala ba. Gaskiya ma in mutum dole sai ya saya gara ya sayi na hannu da ya saya a wajen kamfani a ɗakin tallar nan da suke tsare mutum awanni, don na kamfani kana sa hannu darajarsa ta zube. Akwai mutanen da ke zaune a can, mota kawai za su tuƙa su je, sun san masaukin sun san makon, suna amfana. Sai dai masu daraja irin na Disney da Marriott da Hilton ba za ka gansu a dala 1 ba, a yawancinsu kamfanin na da haƙƙin shiga gaban mai saye ya karɓe a farashin da aka daidaita in ya ga ya yi araha, kuma wasu gatan da ake ba wanda ya saya kai tsaye ba sa bin na hannu. Toh abin da ya rage a dala 1 shine wanda kamfanin ma baya so.

Amma ni tambayata, mutum yana Kano, in ya ga abin bai yi ba ya daina biya kawai, wa zai zo Kwari ya kama shi?

Yaya Babba:

Injiniya babu ɗan sandan da zai zo, wannan gaskiya ne. Abin da ke faruwa shine tara ta hau, su miƙa wa kamfanin karɓar bashi, a ƙarshe su ƙwace makon, sunan mutum ya lalace a rajistar bashi ta can. Wanda ba shi da komai a Amurka zai ce ina ruwana, amma mutanenmu da yawa da sunan ɗa ko ƙani mai karatu a can suke irin wannan sayayyar don sauƙin takardu, toh shi yaron ne zai je neman hayar gida ko bashin mota ya tarar da abin a gabansa. Bayan haka kuma bashi ne fa, ka sa hannu da saninka cewa za ka biya, in ka ƙi biya sauran masu makonni ne ake ƙara wa kuɗi su cike giɓin, cikinsu har da tsofaffin nan. Ni bana son Musulmi ya shiga ciniki da niyyar in ta yi zafi ya gudu.

Abu ɗaya mai amfani, dokar Florida ta ba mai saye kwana 10 bayan sa hannu ya janye, a Tarayyar Turai kwana 14 ne a cinikin kamfani. Bayan nan ƙofa ta rufe. A Sifaniya sai da aka kai kotun ƙoli, a 2015 ta yanke cewa kwangilar da ba ta da iyaka ta saɓa dokarsu ta 1998 wadda ta tsayar da shekara 50, kaga har ƙasashen da abin ya yi yawa sun gane illar rashin ranar ƙarewa.

Malam Na Ƙofar Mata:

Salamu alaikum. Ni ba fatawa zan bayar ba, Alhaji ya kai takardun ga malamin da ya san mu'amalat ya karanta masa su. Amma abu biyu sun tsaya min. Na ɗaya, ciniki sai an san abin da aka saya da abin da za a biya, nan kuwa baka ga ɗakin ba, baka tabbatar da makon ba, kuɗin shekara ba a ƙayyade ba yana hannun wasu su ƙara yadda suka ga dama, wannan jahilcin shine malamai ke kira garari kuma suna tsoronsa a ciniki. Na biyu gado. Abin da ke da takardar mallaka yana shiga cikin dukiyar mamaci, ranar da aka zauna rabon gado sai magada su tarar da wani abu a Florida da ba zai sayu ba kuma ana bin sa kuɗi, marayu da uwarsu su fara neman lauya a wata ƙasa.

Shi tsarin raba lokacin a kan kansa ba baƙo ba ne a ƙasashen Musulmi, hasumiyar Zamzam da ke gaban Harami a Makka ma an sayar da haƙƙin zama a cikinta da sunan sukukul intifa'i, amma na shekara 24 ne, an san farkonsa an san ƙarshensa. Wanda ke son irin wannan don Umara ya bincika ta hanyar da aka sani, ido da ido da wakili mai rajista.

Abban Ilham, Fagge:

Ƙarin bayani kaɗan Alhaji, ko baka saya ba kar ka tura musu hoton fasfo ɗinka da sunan wai za a fara shirya takardu. Kuma duk wanda ya riga ya mallaki irin wannan ya kula da masu kiran waya suna cewa sun samo mai saye da kuɗi mai tsoka sai dai a fara turo kuɗin haraji ko na lauya. Hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ta yi gargaɗi a kansu, a 2023 ma Baitulmalin Amurka ya sa takunkumi kan wasu kamfanoni a Meziko masu alaƙa da ƙungiyar ƴan ƙwaya ta Jalisco saboda wannan damfarar. Mun sha ganin mutum ya zo canji a gigice zai tura kuɗi waje don a sako masa wasu kuɗin da suka fi yawa, muna hana wanda ya ji.

Ɗan Kwari:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah Ya bar zumunci. Na tura wa mai sayarwan saƙo na ce ya turo takardar ofishin masaukin mai nuna bashi da lambar makon, kuma na tambaya ko zan iya zaɓar kamfanin riƙe amana da kaina. Ya amsa cewa sai na ci gwanjon tukuna zai turo, kamfani kuma nasu kawai suke aiki da shi. Yaya Babba in hutun ne kawai nake so, ta ina ake samun masu ba da hayar makon nasu, kuma ta yaya zan tabbatar an sa sunana a ajiyar ɗakin kafin in biya?