Yaya ake lissafin maki a jarrabawar Microsoft mai kes sitadi?

Mai_Neman_Sani:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirin zana AZ-104, jarrabawar Microsoft ta masu kula da Azure (dandalin girgijenta na sabar da ajiyar bayanai), amma batun maki ya ɗaure mini kai. An ce 700 ne makin ci, shin kashi 70 cikin ɗari ke nan? Sannan sashen nan na kes sitadi, inda ake kawo dogon bayanin wani kamfani a bi shi da tambayoyi, makinsa ya fi na sauran ne? Idan mutum ya faɗi wannan sashen, ya faɗi jarrabawar gaba ɗaya?

Injiniya_Sabar:
Wa alaikumus salam. 700 ba kashi 70 cikin ɗari ba ne. Microsoft na bayar da sakamako a ma'auni daga 1 zuwa 1000, kuma ba ɗanyen makinka ake nuna maka ba. Ba tambayoyi iri ɗaya kowa ke samu ba, ana ɗebo su ne daga babbar taska, don haka wani zai haɗu da masu tsauri fiye da na wani. Masana kan zauna su tsayar da iyakar ƙwarewar da ake bukata, a ɗora ta a kan 700. Idan rukunin tambayoyinka ya fi wuya, amsoshin daidai da za su kai ka 700 za su ɗan ragu, idan ya fi sauƙi su ƙaru. Shi ya sa wanda ya samu 690 ba zai iya cewa saura tambaya ɗaya ya ci ba.

Kes sitadi ba shi da makin ci nasa na daban. Duk makin da ka tara a ko'ina wuri ɗaya ake haɗa shi, ƙarfinka a wani sashe ya rufe rauninka a wani. Tambaya a cikin kes sitadi daidai take da irinta a waje. Abin da ke bambanta maki shi ne yawan gaɓoɓin tambayar. Mai zaɓi ɗaya yawanci maki ɗaya ce. Mai akwatuna uku da za ka cike galibi za ka ga an rubuta a ƙarƙashinta cewa kowane zaɓin da ya yi daidai maki ɗaya ne, ka ci biyu ka tashi da maki biyu.

Ba a zaftare maki don ka amsa ba daidai ba, saboda haka kada ka bar tambaya ko ɗaya babu amsa. Akwai kuma 'yan tambayoyin da ake gwada ingancinsu ne kawai, ba sa shiga lissafi, kuma ba a sa musu alama.

Malama_Azure:
Injiniya ya gama da lissafi. Ni inda nake so ka kula, ɗan'uwa, shi ne yadda maki ke zubewa a kes sitadi, don yawanci ba rashin sani ke jawo shi ba.

Da zarar ka fita daga sashen, ƙofa ta rufe. Kana ciki za ka iya kai da komo tsakanin tambayoyinsa, ka canza amsa yadda kake so, kuma akwai allon bita a ƙarshensa. Ka wuce wannan allon, shi ke nan. Ba shi da agogo nasa, daga lokacin jarrabawar yake ci, wato minti 100 idan babu aikin lab (sashen gwaji a aikace). Yana iya zuwa a farko, yana iya zuwa a ƙarshe. Idan bai zo da farko ba, ka ware masa minti 15 zuwa 20, kada ka isa can agogo na gab da ƙarewa.

Kada ka fara da karanta bayanin kamfanin daga sama har ƙasa. Buɗe tambayar tukuna, ka ga me take nema, sannan ka je shafin da ya dace: yadda tsarinsu yake a yanzu, bukatun kasuwanci, ko bukatun fasaha. Sau da yawa amsoshi biyu duk za su yi aiki, layi ɗaya ne a cikin bukatun zai raba su. Misali, an ce bayanai su tsira idan cibiyar bayanai ɗaya ta lalace, kuma a rage kashe kuɗi. A cikin hanyoyin ajiye kwafin bayanai na Azure, LRS ba ta isa ba, domin kwafinta uku a cibiya ɗaya suke. GRS tana kai kwafi wani yanki daban, ta wuce abin da aka nema, ta fi tsada. ZRS ce amsar, tunda tana raba kwafin a shiyyoyi uku na yanki guda. Haka batun izini: idan an ce a bai wa ma'aikaci ikon kula da injunan VM (kwamfutocin da ake ƙirƙira a cikin Azure) da mafi ƙarancin izini, matsayin izini na Contributor zai yi aikin amma ya yi faɗi da yawa, Virtual Machine Contributor ake nema. Mai gaggawa yakan tsallake wannan layin ne ya zaɓi abin da ya saba da shi.

Mai_Neman_Sani:
Na gode ƙwarai, Malama. To tambayoyin nan na "Ee" ko "A'a" da ake maimaita matsala ɗaya, su ma kes sitadi ne? Kuma in na buɗe Microsoft Learn, shafin karatu na Microsoft, a cikin jarrabawar, yana taɓa makina?

Malama_Azure:
A'a, sashe ne daban, kuma ya fi tsanani: kana amsa ɗaya ka wuce, ba ka sake ganinta. Kowace mafita ka auna ta ita kaɗai da abin da aka nema. Mai yiwuwa fiye da ɗaya su yi daidai, mai yiwuwa babu ko ɗaya, don haka kada ka danna "Ee" a ta ƙarshe kawai don ka ce "A'a" a na baya.

Microsoft Learn, wanda aka fara bari a buɗe a irin waɗannan jarrabawa a 2023, ba ya rage maki. Agogo dai ba ya tsayawa. Ka yi amfani da shi wajen tabbatar da abu ɗaya da ka san inda yake. Hutu ma haka yake, agogo na tafiya, kuma tambayoyin da ka riga ka gani kafin ka tashi ba za ka koma kansu ba.

Injiniya_Sabar:
Ƙari kan takardar sakamako. Sandunan da ke jikinta suna nuna ƙarfinka ne a kowane fannin manhaja, ba za ka ga makin kes sitadi a ware ba, domin an raba tambayoyinsa ga fannonin da suka shafa. Ba a kuma haɗa tsawon sandunan a fitar da jimilla, tunda fannonin ba su da yawan tambayoyi ɗaya. Idan ba a dace ba, ana jiran awa 24 kafin zama na biyu, daga nan kwana 14 tsakanin kowane zama, kuma ba a wuce sau biyar a cikin wata 12. Kafin ranar, ka shiga Exam Sandbox na Microsoft, wato samfurin allon jarrabawar, kyauta ne, ka ga yadda shafukan kes sitadi da allon bita suke.