Motata ba ta tashi in an kwana ana ruwa: batir zan saya ko distiributa?

Mai Hilux, Ringim: Salamu alaikum. Tsohuwar Hilux ce mai injin 22R, ta fetur, mai kafireta. Tun da damina ta kankama, in aka kwana ana ruwa, da safe kik yana ja da ƙarfinsa amma injin ba ya kamawa. Hantsi na dubawa kuma sai ta tashi bugu ɗaya. Rewaya ya ce sabon batir, naira dubu 85. Bakanike ya ce a canza distiributa, mai raba wa fulogi wuta, ɗungurungum. Kuɗin ɗaya gare ni, ga lodin awaki zuwa Maigatari ranar Alhamis. Wanne zan yi?

Ɗan Wudil: Hita ce. Ka murɗa makulli ka jira fitilarta ta mutu, sau biyu, sannan ka buga.

Baba Bakanike: Ɗana, ya ce ta fetur. Hita ta injin gas ce. Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Motar da ke juyi da ƙarfi, rana kuma ta warkar da ita, wuta ce ke zurarewa kafin ta kai fulogi. Ɓalle murfin distiributa da sassafe ka duba cikinsa. Za ka ga raɓa, ko wani siririn layi baƙi kamar an ja da fensir daga wannan ƙarfe zuwa wancan. In raɓa ce kawai, goge da busasshen tsumma ka gwada. In layin nan ne ko tsagewa, murfin ya gama aiki, ka canza shi tare da rota, abin nan da ke juyawa a ƙarƙashin murfin. Duba gawayin tsakiya ma, ko ya cinye. Sai ka kwance fulogi huɗun, tazarar bakinsu milimita 0.8 ce. In ta buɗe da yawa, wutar ta fi son bin jiƙaƙƙiyar waya ta tsere.

Rewaya, Gumel: Baba, a yi mana adalci. Batir mai rauni yana juya injin amma ya bar kwayil, mai ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa fulogi, da yunwa. A sa mita: volt 12.6 in ya cika, lokacin bugawa kada ya sauka ƙasa da 9.6. A kankare farin garin kan batir, a kwance wayar da ta kama jikin mota a goge tsatsarta.

Baba Bakanike: Awo ai ban hana ba. Saye kafin awo na hana.

Direban Kazaure: Ka saya mata bargo ka kai ta ɗakin amarya, kishi ne.

Malamin Fasaha: Gwajin da zai raba gardama kyauta ne. Bayan isha'i, a wuri mai duhu, a tada motar a ɗaga bonet, a fesa ruwa kaɗan-kaɗan da kwalbar feshi kan wayoyin fulogi da bakin kwayil. Inda shuɗin tartsatsi ya yi tsalle, ko injin ya fara tari, nan ne ɓarakar. Kada a taɓa waya da hannu, a kuma tattare hannun riga saboda fanka. In an auna da mita, waya ɗaya kada ta wuce kilo-om 25.

Mai Taki: Duk ku gama lissafinku, in kayan jabu ne aikin banza ne. Maƙwabcinmu an sa masa sabon murfi da wayoyi, kwali mai kyau har da tambari. Kwana tara ruwa ya tare shi a hanyar gona da buhu 20 na yuriya, motar ta mutu tsakiyar kwari, tamfol ya yage, takin ya narke yana kallo. Da aka buɗe, robar murfin ta tsage gida biyu. Mai shagon ya ce ba ya karɓar kayan wuta in an ɗaura. Bashi ne fa ya ci ya sayi takin.

Ɗan Wudil: Allah ya mayar da alheri. Nawa ya saya?

Mai Taki: Dubu 7, murfi da rota.

Direban Kazaure: To ai shi ya sa. Mai kyau a Ƙofar Ruwa bai gaza dubu 18 ba.

Rewaya, Gumel: Dubu 12 dai. Kai an ga babbar riga ne.

Mai Hilux, Ringim: Baba, in ɗaure distiributar da leda kafin Alhamis?

Baba Bakanike: A'a, leda gumi take tarawa. Juya gaban motar daga inda ruwa ke bugowa, ko ka sa ta a rumfa. Masu hura wuta a ƙarƙashin injin fetur kuwa, Allah ya shirye su.

Mai Taki: Wai ma wa ya tambaye shi inda yake shan mai? Ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasan tanki yake kwana, shi famfo ke fara ja da safe. Zare tiyon kafireta ka tara a farar kwalba, minti biyar za ka ga ruwan ya kwanta.

Malamin Fasaha: Ruwan tanki rana ba ta busar da shi, shi kuwa ya ce da hantsi tana tashi.

Direban Kazaure: Bar batun hantsi, Malam. Jarkokin 'yan bumburutu a buɗe suke kwana cikin ruwan sama, mazurarin ma ko tsumman tacewa babu. Galan ɗin nasu kuma ka taɓa auna shi? Lita huɗu ake cewa, ka juye a ma'auni ka gani in ya kai uku da rabi.

Ɗan Wudil: Gidan mai mafi kusa da wasu ƙauyukan sai ka ƙona lita biyu kafin ka je ka dawo. Wa za ka kai wa ƙara?